Gaurakan Kawu Tijjani Ya Je Yamai

Tun da na dawo daga Yamai ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Duk inda na zauna sai wani ya jawo benci ya ce, "Mushe Laminu, wai da gaske ne ka tafi karatu da tsuntsu a cinya?" Na ba da labarin nan a fadarmu ta shan shayi, na ba da shi a lakwal, na ba da shi a wurin mai aski har ya kusa cire mini kunne saboda dariya. Maƙogwarona ya gaji. Shi ya sa na rubuta, duk wanda ya sake tambaya in miƙa masa, in ci gaba da shan shayina.

Ni malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a nan Diffa, inda ake kiran malami Mushe. Da babban hutu ya matso, aka ce ana neman malamai kaɗan su je wani gidan namun daji da ke bayan garin Yamai su yi sitaj, wato su zauna a hannun masu aikin su koyi yadda ake nuna wa yara darajar dabbobin daji. Direktanmu ya ce ni zan je, wai tunda bakina ba ya rufuwa gara a zuba masa abu mai amfani.

Na je yi wa Kawu Tijjani sallama. Ƙanin mahaifiyata ne, ɗan Damagaram mai kanti a kasuwa, mutumin da ko aron tsani zai je maƙwabta sai ya riƙe wani abu a hannu.

Ya ce, "Me za ka kai wa mai gidan?"

Na ce, "Kawu, tattasai da banda."

"Tattasai! Kowane ɗan Diffa tattasai. Mutum yana kiwon zaki, kai ka kai masa kayan miya? Mai gidan dabbobi dabba ake kai wa. Biyo ni."

A tsakar gidansa na tarar da gauraki biyu da ya saya hannun wani maharbi, wai a fadamar bayan Gagamari ya kama su. Ga wanda bai san gauraka ba: tsuntsu ne dogo da ya kusa kai mini ƙirji, jiki baƙi-baƙi, kumatu fari da ja, da tukku a ka kamar an tsoma tsintsiya cikin zinariya. An datse musu gashin fiffike ɗaya don kada su tashi. Kawu ya ce macen za ta zauna ta ƙawata masa gida, namijin kuwa tsarabar Yamai ne. Wallahi daɗi na ji. Na ce a raina duk malaman da za su zo ba wanda zai kawo irin tawa.

Matata Falmata ta lanƙwasa masa ƙafafu a hankali, ta naɗe shi da tsohon zane, ta zura masa safata a ka ta huda wa baki hanya. Ta miƙo mini shi ta ce, "Mutane na tafiya karatu da biro, kai da jariri. Allah ya raya."

Babbar mota ba ta ɗauke mu ba. Mai yankan tikiti ya dube ni, ya dubi safa, safa ta motsa, ya ce in gwada gaba. Muka shiga hayis, ƙaramar motar haya irin wadda in ka shaƙi iska sai na kusa da kai ya fitar da tasa. Daga Maine zuwa Gudumariya mun faɗa ramukan da in da jaki ne ya faɗa sai an zura masa igiya. Kusa da ni akwai wata dattijuwa, Ya Hawa, wadda rikici ya koro daga tsallaken kogi, take kai turaren wuta Damagaram. Ta ɗaga zane ta ga ƙafafu, ta yi salati.

Ta ce, "Oga, wannan fasinja ne ko lodi?"

Na ce, "Ya Hawa, ɗalibi ne. Tare za mu sitaj."

Ta ɓare dabino ta miƙa masa, bai kula ba. Ta jiƙa biredi, bai kula ba. Na zuba gero a tafin hannu, ya kau da kai. Ruwa kawai ya tsotsa. Ta ce, "Wannan ɗalibin naka yana da damuwa." Na ce girman kai ne irin na masu tukku.

A shingen jandarmomi kowa ya sauka da katinsa a hannu, kamar yadda muka saba. Wanda ke dubawa ya nuna naɗin ya ce, "Wannan fa?" Na ce, "Shef, tsaraba ce." Ya ja safar da yatsu biyu, tukku ya baje, ido fari ya ƙura masa. Shef ya yi tsalle baya, abokan aikinsa suka kwashe da dariya. Ya mayar da safar da kansa, ya ce mu tafi kafin abin ya tuna fuskarsa.

A Damagaram na sauka gidan yayan Kawu a Zango. Dangi suka taru suna sa wa Kawu albarka, wai shi ne ya san girman mutane. Aka cika ni da tuwo da fura har na kasa sunkuyawa. Da asuba ladan ya fara kira ke nan, baƙona ya ɗaga wuya ya saki wata ƙara kamar odar babbar mota mai mura. Na rantse ladan sai da ya dakata. Abin da na lura da shi, in ya yi kukan sai ya yi shiru, ya karkata kai gefe, ya jima a haka, sannan ya sake. Na ɗauka muryarsa yake saurare don ta burge shi.

Daga nan muka miƙa yamma. Tasawa, Maraɗi, Galmi inda har iska albasa take wari, Ƙonni inda mai kilishi ya ce mini "Mi kaka so?" na ce ina so ya yi magana a hankali. Ban bar ƙasa ba, amma na tsallaka iyaka, sai dai ba ta da tuta: bayan Dogon Dutsi Hausa ta fara ƙarewa kamar sukari a shayin marowaci, kafin Doso kowa "fofo" yake ce mini. Na koyi fofo ɗin nan na riƙe ta da kyau. Da ita na yi gaisuwa, da ita na yi godiya, da ita na nemi banɗaki.

Kogin Yamai ya ba ni haushi. Namu Komadugu ɗan fatauci ne, ya zo ya yi ƴan watanni ya tafi, ranar da ya iso gari ya fita kallo. Nasu yana nan kwance shekara da shekaru, ba mai ce masa sannu. Masauki kuwa ɗaki ne a bayan rumbun ciyawa, ni da wasu malamai biyu, maƙwabciyarmu ta bayan bango kura ce. Abinci dambu da zogale, safe dambu, rana dambu, har na fara jin ganye na tsiro mini a kunne. Yajinsu kuwa ja ne kawai, in ka rufe ido ba za ka san ka ci ba. Buhun tattasaina ne ya sa na yi suna a madafa.

Shugabar sashen koyarwa sunanta Madam Ramatu, ƴar siririya mai magana ƙasa-ƙasa. Na sa babbar riga, na rungumi naɗina, na tsaya gabanta na yi jawabi: gaisuwar Kawu, gaisuwar mutanen Diffa, da ƴar tsaraba wadda ba ta kai darajarta ba. Na zare safa kamar mai buɗe sabon kanti.

Ba ta yi murmushi ba. Ta dubi tsuntsun, ta dubi fiffiken da aka datse.

Ta ce, "Mushe, ka san abin da ka zo koya?"

Na ce, "Kare namun daji, Madam."

"Darasin farko shi ne kada a sayi naman daji, don duk wanda ya sayi ɗaya ya sake aika maharbi daji ne. Tsuntsun nan ƙarewa yake yi a ƙasar nan, kama shi laifi ne. Na shekara ina neman misalin da zan nuna wa ɗalibai, kai ka ɗauko mini shi a cinya tun daga Diffa."

Babbar rigata ta yi mini nauyi. Aka kira likitan dabbobi, ya shafa ƙirjin tsuntsun ya kama hannuna ya ɗora. Ƙashi ne tsaye kamar bayan wuƙa. Madam ta ce, "Shi kaɗai aka kama?" Na ce biyu ne, macen na gidan Kawu. Ta rufe ido. Ta ce gauraka in ya yi aure ya yi ke nan, tare suke kiwo, tare suke kuka, ɗaya ya fara ɗaya ya amsa. In an raba su wani yakan daina ci har ya mutu. Nan na gane abin da yake saurare a Zango.

Ta ce dole ta sanar da ma'aikatan gandun daji, kuma ta sanar. Suka zo suka yi mini faɗan da rabona da irinsa tun ina ɗan aji uku, suka ce tunda ban ɓoye ba, za su jira su ga yadda tsuntsun zai ƙare. Madam ta ce, "Kai ka kawo shi, kai za ka yi jinyarsa."

Haka sitaj ɗina ya rabu biyu. Da safe ina cikin ciyawa da tumbina ina bin fara, masu shara suna tsayawa kallo. In kai masa fara, in kai gero, in kai shinkafa, ya tsaya a kusurwar kejin da aka keɓe shi, kai a ƙasa, tukku ya kwanta. Likita na ɗura masa ɗan abinci ta roba don kada ya faɗi, amma ya ce wannan ba zai riƙe shi da nisa ba.

Da hantsi kuma in bi Madam ina koyon zagayawa da yara. Akwai dabara a ciki: kada ka tsaya tsakanin yaro da dabba, ka tambaye su abin da suka gani kafin ka faɗi naka, kada ka bari a jefa wa biri alewa, kuma kowace dabba ka gaya musu amfaninta a daji. Ranar da aka fara ba ni yara ni kaɗai, na tsaya gaban zaki na ce yana karya kumallo da bijimai uku, kuma in ya yi atishawa ana ji a Doso. Yara suka buɗe baki. Sai na ji ƴar muryar Madam a bayana: "Mushe, wane littafi?" Bayan sun tafi ta ce, "Bakinka yana kama yara, ban taɓa ganin irinsa ba. Amma gaskiyar ta ishe ka. Ka gaya musu kura na cinye ƙashi ta narkar da shi, ta share mushen da zai kawo wa gari cuta. Ka gaya musu mujiya ɗaya ta fi mage kama ɓeraye a gona." Na gwada, sai ga shi gaskiyar ma tana sa yaro buɗe baki, in ka san inda za ka ja numfashi.

Hukuncina shi ne kowane rukuni ya zo sai na ba su labarin tsarabata. Yara suka raɗa mini Baban Gauraka. Wata ƴar yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "To yanzu ya ci abinci?" Na ce bai ci ba. Ta ce, "Kai fa, ka ci?" Na dubi cikina, aji duka ya dubi cikina. Ban taɓa jin kunyar dambu irin ta ranar ba.

Wata rana da la'asar ina tsugune cikin kejin da fara a hannu, waya ta yi ƙara. Kawu ne.

"Laminu, shiru. Mai gidan ta ji daɗin kaya?"

Ina neman ƙaryar da za ta yi daidai da shi, sai macen ta yi kuka a bayansa, can tsakar gidansa a Diffa. Tsuntsuna ya ɗaga kai kamar an tsikare shi. Na danna wayar ta fito fili. Ya miƙe wuya, ya saki ƙarar nan tasa, ya karkata kai. Daga cikin waya aka amsa.

Kawu ya ce, "Kai! Wa ake yankawa a nan?"

Na ce, "Kawu, don Allah kai wayar kusa da ita!"

"Ni da furfurata in riƙe wa tsuntsuwa waya?"

"Kawu, don darajar mahaifiyata!"

Ya yi tsaki, amma na ji takun takalminsa. Suka yi ta yi, shi ya kira ta amsa, har kura ta tsoma baki, har Madam ta fito da gudu daga ofis. Can katin wayar Kawu ya ƙare. Tsuntsun ya zagaya kejin, ya girgiza, ya dubi farar da ta kuɓuce mini tana tafiya a ƙasa. Ya sare ta ya haɗiye. Ni da na yi niyyar yin kabbara sai na ji hawaye a gemuna, na ce wa Madam ƙurar ciyawa ce.

Daga ranar, safe da yamma sai an yi waya. Kawu na mita, wai ya zama ɗan aiken tsuntsaye, amma shi ke fara kira, don ashe tasa ma ta rage ci tun tafiyarmu. Ƙirjin tsuntsuna ya fara cikowa.

Madam ta ce, "Waya ba za ta yi musu sheƙa ba." An shirya in sitaj ya ƙare motar gandun daji mai zuwa gabas za ta mayar da shi, a karɓi macen, a tsare su a bakin fadama har gashinsu ya fito. Na ce, "Madam, akwai matsala. A wurinmu wanda aka mayar wa kyauta an zage shi har kakanni. Kawu zai rufe ƙofa ya riƙe macen don fushi." Ta ce ma'aikata na iya karɓe ta da ƙarfin doka. Na ce suna iyawa, amma gobe duk kasuwa za ta goyi bayan Kawu, mai sayen gauraka kuma ya koma saye a ɓoye. Ta ce to me na gani? Na ce ta ce ta karɓi kyautar, sauran ta bar mini. Ta yi dariya, karo na farko da na ga haƙoranta, ta ce ta karɓa ta gode.

Komowa ba ta da labari sosai. Shi yana cikin akwatin katako mai tagogi kamar babban mutum, ni ina bayan mota kan buhuna ina cin ƙura. Mun tarar Komadugu ya cika ya shiga fadamu, masu tattasai suna ta dashe.

Na sayi goro, na ɗauki Falmata da ma'aikacin gandun daji guda, na roƙe shi ya yi shiru. Muka ajiye akwati a tsakar gidan Kawu, na durƙusa na tura goro gabansa.

Na ce, "Kawu, Madam ta karɓi kyauta, ta gode, tsuntsu ya zama nata. Yanzu ita ce uwar miji. Ta aiko mu biko, a taimaka a ba mu matar ɗanta su koma ɗakinsu."

Kawu ya dubi goro, ya dubi kakin ma'aikaci, ya dube ni.

Ya ce, "Laminu, tun kana yawo ba wando nake jin ƙaryarka. Kayana aka maido mini."

Na duba cikina ban sami ko kalma ɗaya ba, abin da bai taɓa faruwa da ni ba. Falmata ce ta tashi ba tare da ta tambayi kowa ba ta zare sakatar akwatin.

Ya fito yana ɗingisa ƙafa saboda zama. Macen tana bakin randa. Suka tsaya suna kallon juna. Sai ya sunkuyar da kai, ya buɗe fikafikai, ya yi tsalle sama. Ita ma ta yi. Ya tsinci kara ya wurga, ta zagaya shi, suka yi ta tsalle suna rusunawa har suka ture butar alwalar Kawu, sannan suka ɗaga wuya tare suka yi kukan da ya fito da maƙwabta kan katanga.

Kawu ya jawo goron ya ɓare ɗaya.

Ya ce, "Ni dai ban taɓa kashe auren kowa ba, ba zan fara da tsuntsu ba. Ku ɗauke ta. Amma ka gaya wa uwar mijin goronta ya yi kaɗan."

Ma'aikata suka kewaye musu wuri da waya a bakin wata fadama, inda aka yarda mutane su je. Da aka koma lakwal na riƙa kai ƴan ajina can, in tambaye su abin da suka gani kafin in faɗi nawa. Gashin ya ɗauki watanni kafin ya fito, har sanyi ya shiga aka fara shanya tattasai.

Ranar da za a buɗe musu ta faɗo ranar kasuwa, amma Kawu ya rufe kanti ya zo, abin da ko ranar sunan ɗansa bai yi ba. Aka janye waya. Ba su yi sauri ba, suka taka cikin ruwa suna kiwo kamar ba su san da mu ba, har na fara jin kunyar yaran da na tara. Sai namijin ya ɗan ruga, macen ta bi shi, ƙafafu suka bar ruwa. Suka yi ƙasa-ƙasa bisa ciyawa, suka ɗaga, suka bi kogi gabas suna kuka.

Yara suka yi ta ihu. Kawu ya kare ido da hannu yana kallo har bayan kowa ya daina ganinsu. Da muka juya za mu tafi, na ga ya tsaya ya zura hannu cikin aljihun rigarsa, ya ɗebo gero ya watsa a bakin ruwa, ya sake ɗebowa ya watsa har aljihun ya ƙare.

Na ce, "Kawu, ai sun tafi."

Ya kakkaɓe hannu ya ce, "Na gani. In sun biyo ta nan, kada su ce mun yi fushi."